Yadda Muka Raba Saman Bene a Jarwal

Abin da zan ba da labarinsa ya daɗe da faruwa, kuma a lokacin ban rubuta komai ba. Mai yiwuwa ne in sa wani abu a gaba alhali a baya ya zo, ko in ɗora wa wani maganar da ba daga bakinsa ta fito ba. Inda nake shakka zan faɗa. Sunaye kuwa da gangan na sauya su, domin jikokin wasu daga cikin mutanen har yanzu suna can, ban kuma san halin da takardunsu suke ciki ba.

Tarihi na karanta a jami'a. Abin da na fi daɗewa a kai shi ne yaƙe-yaƙen addini na mutanen Turai: da farko waɗanda suka ɗauko gicciye suka zo Sham da Ƙudus, sannan waɗanda suka yi a junansu daga baya, Katolika da Furotesta. Abin da ya dame ni shi ne duk littattafan da na karanta Turawa ne suka rubuta su. Na ji an ce malaman Larabawa ma sun rubuta nasu ganin game da zuwan 'yan gicciye, ni kuwa Larabcina bai wuce na makarantar allo ba. Shi ya sa na ajiye aikin koyarwa a Zariya na kama hanyar Makka a farkon 1965, in sauke farali, in kuma zauna in koyi harshen har in karanta littattafan nan da idona. Mutane da yawa sun ce wauta ce. Ban ce ba su da gaskiya ba.

Ta ƙasa na bi, a bayan manyan motocin kaya. A Abashe motar ta lalace, muka yi kwanaki a gindin bishiya muna jiran a kawo ƙarfen da ya karye. Ina da akwati cike da littattafai wanda ba na yarda ya yi nisa da ni, har abokan tafiya suka fara raɗe-raɗin zinariya ce a ciki. Ranar da na buɗe na nuna musu, wani dattijo ya ɗaga littafi ɗaya ya ji nauyinsa ya ce, "Ɗan nan, da gero ka ɗauko da yanzu muna sa maka albarka." A jirgin ƙasa zuwa Kartum wani ma'aikaci Basudane ya lura ban ci komai ba tun safe, ya turo mini kwanon wakensa da burodi, ya koma aikinsa. A Sawakin aka tsare mu don allura da duba lafiya, can ne kewar gida ta kama ni sosai. Wata mata, Bahaushiya haifaffiyar Sudan wadda ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, ta dama mini fura. Ina sha ina hawaye, ita kuwa tana ta tambayata ko nonon ne ya yi tsami.

A tashar jirgin ruwa ta Jidda aka buɗe akwatin. Ma'aikacin ya yi ta juya shafuka har ya zo kan hoton wani coci da gicciye a samansa. Na yi ƙoƙarin bayani da ɗan Larabcina, ina jin kuma bayanin ne ya ƙara ɓata lamarin. Ya ware littattafan gefe, ya miƙo mini akwatin da tufafi kawai. Ban ce ya zalunce ni ba, aikinsa yake yi yadda ya fahimce shi. Amma daga ranar, duk abin da na sani na tarihin Turai ya koma wanda ke cikin kaina.

Ina tsaye ina kallon akwatin sai wani mutum mai farar jallabiya ya dafa ni, ya gaishe ni da Hausa tsantsa. Ya ce aikinsa ke nan taimakon 'yan uwa. Ya san masu ba da igama, wato takardar izinin zama, ya kuma san wata makaranta da ke neman malamin Turanci. Ya saya mini shayi, ya tambayi unguwarmu, ya ce ai ya san limaminmu. Ni da ake yi wa dariya a gida don sai na koma na sake taɓa kwaɗon ƙofa kafin in tafi, na ɗauki fasfona da mafi yawan guzurina na ba shi. Ya ce mu haɗu a wurin mai shayin bayan Hajji. Ban sake ganinsa ba.

Da zazzaɓi na yi Arfa. Da gari ya waye a Muzdalifa na rasa ayarinmu, na rasa takalmina, motoci suna ta tashi, ni kuwa na zauna a kan dutse na kasa miƙewa. Wata gajeriyar tsohuwa da ke tsintar tsakuwar jifa ta tsaya a kaina.

"Kai ɗan nan, na wace ƙasa ne?"

Na ce Zazzau.

"To Bazazzagi, nan ba wurin mutuwa ba ne, za a tattake ka. Tashi."

Sunanta Inna Talatu, mutuniyar Damagaram. Ta ba ni ruwa daga butarta, ta riƙe hannuna har Mina, bayan an gama aiki kuma ta kai ni inda take zaune a unguwar Jarwal cikin Makka ta yi jinyata. Tun tana matashiya ta taso a ƙafa da mijinta, ya rasu a Sudan, ta ƙaraso ita kaɗai. Sana'arta sayar da hatsin tattabaru a kusa da Harami, da wankin haramin alhazai. Ba ta da takarda ko ɗaya. Likkafaninta, wanda ta wanke da zamzam, yana ƙarƙashin matashinta. Ta taɓa ce mini, "Ni abu ɗaya nake roƙo, a rufe ni a garin nan. In aka sa ni a jirgi, wajen wa zan je? Duk wanda ya san ni a Damagaram ya mutu."

Gidan na Ammu Bakur ne, ɗan ƙasa, wanda kakansa ya zo daga Katsina. Hausarsa rabi Larabci ce. Yana da wurin tsire a bakin titi, ya ɗauke ni ina soka masa nama a tsinke da yamma, da safe kuwa ina zuwa Harami in zauna a da'irar wani malami mai koyar da Larabci. Gidan tsohon ginin dutse ne, dogo, siriri. Ƙasa maza, tsakiya mata, sai saman bene mai katanga inda ake shanya. Matakala ɗaya ce, matsattsiya, mutum biyu ba sa wuce juna a kanta, kuma dole sai ta ƙofar mata ake bi kafin a kai sama. Ban da Ammu Bakur da iyalinsa, ban san wanda ke da igama a gidan ba. Ni ma yanzu ba ni da ita.

Mazan gidan kashi biyu ne. Akwai masu ɗiban ruwa, yawancinsu Sakkwatawa, babbansu Malam Haruna, dogon dattijo mai kaushin murya. Su ne ke ɗauko ruwa daga bazan, wato famfon unguwa, da zafa: sandar gora a kafaɗa, garwa ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Su hannu a sake suke salla, kuma duk Alhamis suna zikirin taro da murya ɗaya. Akwai kuma 'yan dako na kasuwa, yawancinsu Kanawa, babbansu Malam Tanko, mai yawan barkwanci. Su hannu a ƙirji suke salla, kuma kullum suna wazifa a kewaye da farin ƙyalle. A can ƙasarmu waɗancan suna bayan jam'iyyar da ke mulki, waɗannan suna bayan ta adawa. A Harami duk liman ɗaya suke bi ba gardama. Da an dawo gida kuwa ba mai bin wani salla.

Abin da ya haɗa su, ba su kuma son a faɗa, shi ne hukumar ƙasar ba ta yarda da zikirin wannan ba, ba ta yarda da wazifar wancan ba. Saman benen ne kaɗai wurin da ba a gani daga titi, kowa kuma shi yake so a tsakanin la'asar da magariba. Ni mahaifina sakin hannu yake yi, dangin mahaifiyata ƙirji suke kamawa, saboda haka ban shiga kowane ɓangare ba. Duka biyun suka haɗu a kan kirana ɗan boko.

Cikin azumin shekarar da ta biyo baya, rediyon Ammu Bakur ta kawo labarin sojoji sun yi juyin mulki a gida, an kashe manyanmu na Arewa. Muna saman bene, ana jiran shan ruwa. Mutanen Malam Haruna suna kuka. Malam Tanko ya ce wata magana. Ban ji ta da kunnena ba. Wasu sun ce cewa ya yi Allah ya ji ƙansu, wasu sun ce cewa ya yi an huta. Abin da na gani shi ne Malam Haruna ya ɗaga shi ya jingina shi da katanga har rabin jikinsa ya leƙa titi. Sai da muka taru muka janye Malam Haruna. Haƙorin Malam Tanko ɗaya ya fita, aka fasa tulu, maƙwabta suka fito kan nasu benayen suna kallo.

Kashegari umda, wato mai unguwa, ya zo ya ce wa Ammu Bakur ya daɗe yana kawar da kai daga gidan nan. In ƙara ta sake zuwa masa, ko ta faɗa ko ta bidi'a, zai miƙa gidan ga masu binciken takardu, a kwashe kowa a sa a jirgi.

Bayan Salla Ammu Bakur ya tara maza a saman benen. Inna Talatu ta zauna a kan matakala tana ji.

"Halas," in ji shi. "Na gaji. Beti ne ko ba beti ba? Gidana ne. Zan zaɓi jama'a ɗaya su zauna, ɗayan su nemi wani wuri. Wanda ya zauna ya yi ibada yadda na ce."

Na daɗe ina juya abin a raina kafin in yi magana. Na ce, "Ammu, a yi mini afuwa. Wannan da ka faɗa an taɓa gwada shi."

"A ina, ya ustaz?"

"A ƙasar Jamus."

Aka yi dariya, har da Malam Tanko da kumburarren bakinsa. Na ci gaba. Na ce, in ban manta ba, da Kiristocin can suka rabu biyu suka gaji da faɗa, sai suka yi yarjejeniya cewa kowane sarki ya zaɓi aƙidar ƙasarsa, talakan da bai yarda ba ya kwashe kayansa ya tafi. Abin ya yi kamar ya kwanta. Amma wanda aka kora bai manta ba, wanda ya zauna kuma bai daina tsoro ba. Daga baya a wani birni da ake kira Farag aka kama wakilan sarki aka jefo su ta tagar bene.

"Suka mutu?" in ji Malam Tanko.

"Ba su mutu ba. Mutanensu sun ce mala'iku ne suka tare su. Abokan gabarsu sun ce a kan juji suka faɗa."

"Ni da an sake ni, kan tsiren Ammu zan faɗa," in ji shi. Wannan karon har wasu Sakkwatawa sai da suka sunkuyar da kai suna murmushi.

Na ce daga jifan nan aka shiga yaƙin da ya kai shekara talatin. Garuruwa suka zama kufai. Sojan haya ya yi wa wannan yaƙi bana, baɗi ya koma wancan, duk inda ya bi kuma manomi ne ke rasa hatsinsa. Har aka kai inda sarkin Faransa, shi Katolika, yake taimakon Furotesta don ya karya wani sarkin Katolika ɗan'uwansa. Wato tun ana cewa don Allah ake yi, har ya zama kowa ya san don mulki ne, amma an kasa tsayawa.

Malam Haruna ya katse ni. "Kai ɗan boko, waɗanga duk kahirai na. Mi ya haɗa mu da su?"

"Malam, ban ce mu da su ɗaya ba ne. Allah ya kiyaye. Cewa na yi in Ammu ya kori kashi ɗaya, za su fita titi ba takarda, a kama su, a tambaye su inda suka fito. Ko ba a tambaye su ba, a cikinsu ba za a rasa mai zafin zuciyar da zai je ya faɗa ba. Ranar nan ba za a tambayi kowa inda yake sa hannunsa a salla ba. Da mu da Inna duk jirgi ɗaya."

Ammu Bakur ya ce, "Ɗayyib. To su Nasaran naka yaya suka ƙare?"

Na ce iyakar sanina ba wanda ya ci. Gajiya suka yi. A wasu garuruwan Jamus coci ɗaya aka raba, waɗannan su shiga da sassafe, waɗancan da hantsi, wani wurin har da shingen ƙarfe a tsakiya. A ƙasar Holan kuma, inda aka hana Katolika ibada a fili, a saman benayen gidaje suke yi, hukuma ta sani amma tana kawar da kai muddin ba a gani daga titi, ba kuma wanda ya kai ƙara. Ba son juna suka yi ba. Maƙwabci ne kawai ya daina kai ƙarar maƙwabci.

"To a cikinmu su wa ne Katolikan?" in ji Malam Tanko.

"Ku ne," in ji wani Basakkwace.

"Wallahi sai dai ku!"

Na roƙe su su bar wannan. Abin da na kawo shi ne a raba lokaci: masu wazifa su hau da an yi la'asar, su sauko da wuri ranar Alhamis su bar wa masu zikiri. Sannan, wanda ya fi muhimmanci, duk lokacin da kashi ɗaya ke sama, ɗaya kashin ya ba da mutum ya tsare ƙofa. Ni da Inna mun riga mun yi shawarar yadda za a yi. A Makka namiji ba ya hawa matakalar gidan mutane sai ya ɗaga murya ya nemi hanya, ya kuma tsaya har mata su ce sun kimtsa. Ko ma'aikacin hukuma ba ya ƙetare wannan. In baƙi suka zo, mai tsaro ya riga su hawa da kaya a kafaɗa, ya cika matakalar, ya yi kira, Inna kuma ta ɓata lokaci.

Malam Tanko ya yarda nan take. Malam Haruna ya ce raba lokaci ya ji, zai bi don darajar mai gida. "Amma tsaro, a'a. Ni ba ni tsaron bidi'a. In na tsaya ƙohwa suna abin ga, ina da kamasho cikin zunubin."

Haka aka fara da ƙafa ɗaya. Ranar Alhamis ɗan dako yakan zauna a bakin ƙofa da buhu a gefensa. Sauran ranaku ba mai zama sai ni, ni kuwa ba wanda zai yarda mai ɗaukar kaya ne, ga tabarau ga hannu sumul. Kanawa suka fara gunaguni, suna cewa su ke nan bayin Sakkwatawa. Na ga in aka ci gaba haka abin zai rushe.

Sai na shiga bin Malam Haruna bazan. Na bar da'irar malamina na ɗan lokaci, abin da ya yi mini ciwo, don shi ya kawo ni garin. Malam Haruna ya ce ba ya magana da mai hannu banza, saboda haka na karɓi zafa na ɗauka. Ranar farko rabin ruwan a hanya ya zube, fatar kafaɗata ta saluɓe. Muna tafe ina ba shi labari. Na gaya masa na birnin Faris, inda aka taru bikin auren da aka ƙulla don sulhu, ya koma kisan maƙwabta, mutum ya nuna ƙofar wanda suka shekara suna gaisawa. Yakan saurara, ya yi tambaya mai kyau, wani lokaci ya ce, "Allah wadan mulki." Amma da na kawo zancen ƙofa sai ya ce, "Ɗan boko, ɗauki ruwanka." Na ce masa ba wazifarsu zai tsare ba, Inna zai tsare. Ya ce Inna tana da Allah. Ban daina zuwa ba, shi kuma bai kore ni ba.

Ana haka, wata ranar Talata ko Laraba, gab da shigowar alhazai, ina zaune a bakin ƙofa bayan la'asar, Malam Tanko da jama'arsa suna sama, sai ga mutum biyu sun shigo lungun, masu gajerun riguna da sanduna, irin waɗanda ke kora mutane salla suna hana abin da suke ganin bidi'a ne. Kai tsaye ƙofarmu suka nufo. Wanda ya kai ƙara ban sani ba har yau, ba kuma zan zargi kowa ba. Ammu Bakur yana wurin tsire. Daga inda nake ina jin ɗan gunjin muryoyi daga sama.

Na miƙe na tare su da sallama. Na gaishe su da Larabcin littafi, na tambayi lafiyarsu da ta iyalinsu, na yi musu addu'a doguwa, duk wadda na haddace. Babbansu ya amsa da ladabi, sannan ya ce an gaya musu ana taro a saman gidan nan, za su duba. Na ce mai gidan ba ya nan. Ya ce ba komai, ya sa sandarsa ya kawar da ni gefe a hankali. In na yi ihu na tona asiri, in na yi shiru sun hau.

Sai na ji ƙarar garwa a bayana. Malam Haruna ne ya dawo, zafa a kafaɗa. Ya dube su, ya dube ni, ya ɗaga kai ya dubi sama. Ban san tsawon lokacin da ya tsaya ba. A wurina ya daɗe.

Sai ya ce da Larabcin kasuwa, "Hanya, ruwa!" Ya ratsa tsakaninsu kamar bai gan su ba. Mutum ba ya tare mai ruwa, sai suka matsa. Ya sa ƙafa a matakala, garwa a gaba, garwa a baya, ya cika ta bango zuwa bango. Ya hau taki ɗaya ya tsaya ya yi nishi. Ya hau na biyu ya gyara sandar. Su kuwa suna bayansa, ba hanyar wucewa. Da ya kusa ƙofar mata ya buɗe wannan murya tasa da ake ji daga bazan.

"Ya Sattar! Hanya! Maza za su hau!"

"Ku dakata!" in ji Inna daga ciki. "Wa ye?"

"Ruwa na, tsohuwa!"

"To ka tsaya nan, ban ga mayafina ba. Wa ya ɗauke mini mayafi? Ke, duba ƙarƙashin tabarma. Ba wannan ba, wannan na wanki ne!"

"Yi sauri, kahwaɗata za ta karye!"

"Ta karye mana! Tsirara kake so ka gan ni, tsohon banza?"

Babban ma'aikacin bai jin Hausa, amma ya gane abin da ake ciki. Ya sunkuyar da kai ya juya fuskarsa bango, ɗayan ma haka. Muryoyin sama sun ɗauke. Sai da Inna ta ga dama ta ce a wuce.

Da muka kai sama, abin da suka tarar shi ne 'yan dako suna shanya. Farin ƙyallen wazifa yana kan igiya a tsakiyar haramin da Inna ta wanke, ba mai iya bambanta shi da sauran. Malam Tanko yana matse wani zane da gaske kamar sana'arsa ce tun haihuwa. Suka duba kusurwa-kusurwa, suka ce a riƙa zuwa masallaci a kan lokaci, suka sauka. Tun da ba su sami laifi ba, ba su kai maganar gaba ba, ba su kuma tambayi takardar kowa ba.

Malam Haruna ya sauke zafar ya zauna yana haki. Na je in kawar masa da garwa daga hanya, na tattara ƙarfina na ɗaga, sai ta taso kamar hula. Ba ko ɗigo a ciki. Ɗayar ma haka.

Malam Tanko ya matso ya tsuguna a gabansa. "Malam, Allah ya saka da alheri."

"Da mi? Ruwa na kawo ma tsohuwa."

"To ina ruwan?"

"Ta shanye. Kai dai tashi ka ba ni wuri, ɗan bidi'a."

"Na tashi, mai fasa haƙoran mutane."

Daga ranar, duk la'asar za ka ga mai zafa ɗaya yana hutawa a bakin ƙofarmu. Ba a taɓa cewa tsaro yake yi ba. In ka tambaya, gajiya ce ta kama shi a daidai nan. Ba su fara bin juna salla a gida ba, ba su daina yi wa juna baƙar magana ba, aƙalla har na bar gidan. Ni na koma da'irar malamina, kuma kafin in baro ƙasar na karanta littattafan da na zo dominsu, da ƙyar, ina yi ina tambaya. Na tarar su ma malaman Larabawa sun fi yawan kuka da sarakunan Musulmi da suka tsaya faɗa da juna fiye da yadda na zata.

Inna Talatu ta rasu ina can, a ɗakinta, bayan gajeriyar jinya. An sa mata likkafanin nan nata, aka yi mata salla a Harami, aka rufe ta a Makka. Malam Haruna ne a gaban makara, Malam Tanko a baya, suna tafe suna gardamar wanda ke saurin tafiya.

Wannan shi ne abin da na riƙe. In akwai wanda ya zauna a gidan nan, ko ya ji labarin daga iyayensa, ina roƙonsa ya aiko mini da gyara duk inda na kauce, musamman a kan abin da Malam Tanko ya faɗa ranar rediyo, don ba na so in tafi da hakkinsa. Abu ɗaya ne kawai ba zan karɓi gyara a kansa ba. Malam Haruna har muka rabu yana cewa garewanin cike suke. Ni na ɗaga su.